Damin Irin Da Yaya Iliya Ya Bari A Ɗaure

Kakar bana ce ta cika shekara tara da rasuwar yayana Iliya, malamin gona, wanda mutanen Kafur da ƙauyukanta suka fi sani da Malam Iliya mai babur. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Duk shekara idan aka fara yankan dawa nakan ɗauki alƙalami in ce bari in rubuta wani abu a kansa, in yi rabin shafi in ajiye, domin abin da ke fitowa irin yabon nan ne da ake yi wa kowane mamaci, shi kuwa ya tsani magana lami. Bana haushi ne ya zaunar da ni har na kai ƙarshe. Haushin a kan littafi ne, wanda 'yarsa Hafsatu ta rubuta. Ta ɗauki labarin da mahaifinta ya rasu bai ƙarasa ba, ta ce ita za ta ƙarasa masa.

Duk wanda ya san Yaya ya san abu biyu ba sa rabuwa da bayan babur ɗinsa: ƙullin iri da littafi. Idan aiki ya kai shi Zariya sai ya tsugunna gaban masu baza tsofaffin littattafan Turanci a gefen titi, ya zaɓo masu hoton kumbo da wasu duniyoyi a bango. Idan Funtuwa ya shiga, ya kwaso na Hausa, na aljanu da matsafa da jarumai masu takobin da ba ya dakushewa. Ni ne malamin adabi a gidanmu, a Malumfashi nake koyarwa, amma shi ke kawo mini littafi ya ce in karanta mu yi musu. Yana da tambaya guda da yake auna kowane littafi da ita. Sarki zai tara runduna ta cika daji, ta yi wata da watanni tana tafiya, sai Yaya ya ɗago kai ya ce mini, "Malam Ƙarami, wa ya noma? Tuwon da waɗannan ƙattin za su ci da yamma, wa ya noma shi? Dawakan nan wa ke yi musu harawa?" In marubuci ya amsa, ko da a layi ɗaya ne, littafin ya samu wuri a akwatinsa. In bai amsa ba, mai ƙosan bakin tasha ta samu takardar naɗi.

Kada wani ya ɗauka ƙin irin waɗannan littattafai yake yi. Son su ne ya sa yake musu faɗa. Yakan ce su kaɗai ne suke da ƙarfin halin tambayar "da a ce": da a ce ruwa ya daina sauka, da a ce ƙarfe ya koyi tunani, da a ce mutum ya bar ƙasar da aka binne cibiyarsa har abada, me zai saura a cikinsa? Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin gonaki yana duban sama, wannan tambayar ba wasa ba ce a wurinsa.

Shi ma yana da nasa labarin, a baka yake, bai taɓa rubuta shi ba. A gandunmu yake ba da shi lokacin yankan dawa, idan rana ta take aka taru a gindin ɗorawa ana shan fura. Tsofaffi sukan ce ba a tatsuniya da rana, ya ce wannan ai ba tatsuniya ba ce, labarin gobe ne. A labarin, ƙasa ta bushe, ruwa ya ƙi sauka shekara bayan shekara, mutanen wani gari suka shiga wani kumbo mai girman Funtuwa suka tashi neman ƙasar da za su shuka. Kowace kaka yakan ƙara wani abu. Wata shekara rigimar alƙibla aka yi a cikin kumbon, domin gabas ta ɓace. Wata shekara an rasa wanda zai ce an ga watan azumi, tunda watan an baro shi a baya. Akwai bunsurun da ya shiga ɗakin inji, wanda har yau in aka tuna shi a gidanmu sai an yi dariya. A cikin matafiyan akwai wata tsohuwa da ta shigo da damin irin dawa, ta rataye shi a ɗakinta, ba ta yarda kowa ya taɓa.

Ga wanda bai tashi a gidan noma ba, bari in yi bayani. A gidanmu akwai wata dawa kaura da muka gada tun kakanni. Kafin a yanke gona, babban gida kan bi kunya-kunya ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika, a ɗaure su dami guda, a rataye a saman murhu, hayaƙi da kunkunniya su kare shi daga ƙwari har ruwa ya sauka. Wannan damin ba abinci ba ne. Rumbu zai iya ƙarewa, a ci dusa, a ci tafasa, amma ba a cin iri. Yaro ma ya san haka kafin ya san hannunsa na dama.

To a labarin Yaya tafiya ta yi tsawo, guzuri ya ƙare, yunwa ta kwantar da wata ƙaramar yarinya wadda bai taɓa sa mata suna ba. Mutane suka taru a ƙofar tsohuwa suna cewa ta kwance damin. Nan yake tsayawa. Ya kawo mu ƙofar nan ya fi a ƙirga, kuma da zarar an iso sai ya miƙe ya karkaɗe wando ya ce, "Ku tashi, dawa ba ta yanka kanta." Mu kuwa muna cewa wayon mai labari ne, yana ja mana rai don mu dawo baɗi. A kakar da ya rasu ma nan ya ajiye mu.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Gandun an raba shi. Masara da waken suya sun kori dawa daga mafi yawan gonakin, irin ma na kamfani ne, kowace shekara sai an sayo sabo. Gindin ɗorawar yana nan, sai dai ƙarar injin sussuka ba ta barin mutum ya ji na kusa da shi, balle labari. Amma labaran da yake so ba su mutu ba, ƙaruwa ma suka yi, sun koma cikin waya. Hafsatu ta jefa ni cikin guruf-guruf na masu karatu, na kuwa karanta har idona ya nemi tabarau na biyu.

Zan faɗi alherinsu tukuna, domin Yaya ba ya son a ci haƙƙin ko da littafi. 'Yan matan ajina waɗanda sai da bulala suke buɗe littafin manhaja, yanzu a bakin famfo suna musu a kan babin da ya fito jiya. Hausa tana shiga wuraren da da ake cewa ba ta da kafar shiga, ana ƙera mata kalmomi, wasu su zauna daram, wasu su faɗi. Mata sun daina zama kayan da jarumi zai je ya ƙwato, su ke tuƙa kumbon. Na karanta wani da aka ƙago gari inda ba a buɗe wa mutum famfo sai ya dangwala yatsa an tabbatar shi ɗan gari ne, kwana biyu ina tunaninsa duk sanda na ga layin jarkoki a garin Dayi. Wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake yi, kuma da Yaya ya gani da ya sa shi a akwati.

Sauran fa? A nan hawan jinina yake. Kusan kowane littafi da yaron da aka haifa da tambari a kafaɗa, wanda bokaye suka yi busharar zuwansa, gari guda na zaune sun naɗe hannu suna jiran ya girma. Mu da muka tashi muka ga gayya, muka san ko jinka mutum ɗaya ba ya ɗaga ta, mu ne yau ake koya wa 'ya'yanmu cewa ceto na mutum ɗaya ne. Sunaye kuwa sai ka rantse an zuba haruffa a faifai ne an sheƙa. Mutane suna gaisawa da Hausa, ƙanƙara tana zubo musu a ka, ba kasuwa, ba gona, ba mai tallan goro. Sai tsawo. Labarin da zai ƙare a babi ashirin sai a ja shi kamar igiyar guga, don kada masu karatu su watse su koma wani guruf. Na kimiyyar ma haka: na'ura ta yi magani, ta yi girki, ta tayar da matacce, kuma ka ji a jikinka marubucin bai taɓa kwance ko tocila ya ga cikinta ba.

Babban abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne babu abin da ake biya. Duk sanda marubuci ya kai mutanensa bango, maimakon ya bar su su zaɓa su ɗanɗana kuɗarsu, sai wani zobe ya yi walƙiya, ko wani maɓalli ya bayyana wanda ba a taɓa ambata ba. Wanda ya mutu a babi na goma ya dawo a na sha biyu yana murmushi. Bayan sau uku ka daina jin tsoro, in ka daina jin tsoro kuwa karatun ya zama taunar ƙaiƙayi. An ce abin da ka shuka shi za ka girba, amma a waɗannan littattafan girbi kawai ake yi, ban ga mai shuka ba.

Shi ya sa da Hafsatu ta fara sakin labarin mahaifinta babi-babi na yi murna, na kuma ji tsoro. A Funtuwa take aure, tana aiki a wani shagon magani, tana rubutu tsakanin mai saye da mai saye. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: rigimar alƙibla tana nan, bunsuru yana nan, har ta ƙara abin da uban bai iya ba, wato ɓangaren mata na kumbon, da haihuwar farko da aka yi a sarari, da gardamar inda za a binne cibiya. Na karanta wannan babin na ce madalla. Sai kuma ga wani saurayi ya ɓullo, wanda babu shi a labarin Yaya, tafin hannunsa yana haske idan ya fusata. Tun daga nan na fara jin ƙaurin abin da ke tafe.

Da labari ya iso ƙofar tsohuwa, sai ta dakata. Muka haɗu a Kafur wajen wani suna, bayan an watse muka zauna a tsakar gidan mahaifiyarta, Yaya Mairo, wadda ke gefe tana tsinkar zogale.

"Baffa," in ji Hafsatu, "da Baba ya ƙarasa, me tsohuwar nan za ta yi?"

Na ce, "Ke ma kin sani. Ba a cin iri."

"Yarinyar fa?"

Na gyara zama na buɗe mata aji. Na ce yarinyar mutuwa za ta yi, a kai ƙasar, a shuka, al'umma ta rayu da wannan tabon. Na ce nan ake gane marubuci, in ya kai wuƙa wuya ya yanka. Ta ce masu karatu za su cinye ta ɗanya. Na ce su cinye, gara su zage ta da gaskiya da su yabe ta da ƙarya. Na daɗe ina zuba, har da misalai, ban lura Yaya Mairo ta daina tsinkar zogalen ba.

"Malam Ƙarami," ta ce, "bakinka dai da kaifi, kamar na aska. Kai kana tsammanin wayo ne ya hana yayanka wuce ƙofar nan?"

Sai ta ce, "Rabi ce."

Na san sunan. Rabi yayata ce, tsakanina da Yaya Iliya, ta rasu tana ƙarama a shekarar da fari ya cinye ƙasar nan, ni ina goye. Iyakar abin da aka taɓa faɗa mini ke nan, a gidanmu ba a tona irin wannan. Sauran kuwa Yaya ya faɗa wa matarsa, ita ma sau ɗaya tak. Babanmu ya tafi kudu neman abin da za a ci, ya bar wa Inna amanar damin iri. Bazara ta yi tsanani, rumbu ya zama kango, Rabi ta kwanta, kuka ma ta daina. Yaya yana ɗan shekara goma ko kusa da haka. Ya jawo turmi ya kifa, ya hau zai sauko da damin. Inna ta fizgo shi ta yi masa dukan da ba ta taɓa yi masa ba, sannan ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da zane. Rabi ba ta ga ruwan farko ba. Da ruwan ya sauka, wannan damin aka shuka, shi ya ciyar da gidan, har maƙwabtan da suka cinye nasu a wurinmu suka samu irin baɗi.

"Ajali ne, ya sani, kowa ya sani," in ji Yaya Mairo. "Ko an sauke damin, in kwananta ya ƙare ya ƙare. Bai taɓa cewa Inna ta yi laifi ba. Amma ban taɓa jin ya ce ta yi daidai ba. In ya zo ƙofar nan, turmin yake gani."

Hafsatu ta tattara 'ya'yanta suka hau mota suka koma Funtuwa.

Bayan mako biyu babin ƙarshe ya fito. Ina ofishin malamai na buɗe shi, kuma abin da nake gudu shi ya faru. Mutane na ƙofar tsohuwa, sai ga saurayin nan, ya ɗora tafin hannunsa mai haske a kan damin, dawa ta yi ta zubowa har ta cika ɗakin, damin kuwa ko zangarniya ɗaya bai ragu ba. Iri ya tsira, ciki ya cika, ba wanda ya zaɓi komai. Na buga tebur har malamin lissafi ya tambaye ni ko lafiya. Wa ya noma? Ba kowa! Labarin da mutum ya yi shekaru yana ɗauke da shi kamar garwashi a tafin hannu, an zo an kashe shi da walƙiya irin ta kowane littafi. Na yi niyyar in rufe wayar, sai dai ɗabi'ar malanta ta hana ni barin takarda ban kai ƙasa ba.

A layukan ƙarshe tsohuwa ta dama kunu, ta ɗago kan yarinyar nan da babu wanda ya taɓa kiran sunanta, daga Yaya Iliya har Hafsatu, ta kai mata ludayi baki ta ce, "Sha, Rabi."

Ban shiga ajin da nake da shi a lokacin ba. Ranar ce kuma na fara yi wa yayata kuka, ina da furfura a gemu.

Masu karatu kada su ɗauka na sauya hukunci. Babin nan mai rauni ne, kuma duk ciwon da na lissafa a sama yana cikinsa. Da na je Funtuwa na same ta a shagon na faɗa mata haka, ban rage ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Na sani, Baffa. Amma Inna ta riga ta yi zaɓin nan sau ɗaya. Ban ga dalilin da zan sake tsayar da ita a bakin murhu ba."

Maganar nan tata ce har yau ke ƙara mini haushi. Shekaru ina koyar da cewa labari nagari ba ya tsoron gaskiya. Ga yarinya ta guje wa gaskiyar da gangan, ido buɗe, ta hanyar da na fi rainawa, kuma ta kai inda ni da ƙa'idojina ba za mu taɓa kaiwa ba. Da shawarata ta bi, da babin ya fi kyau, da kuma an sake binne Rabi. Ga shi kuma a guruf ɗin yabo ake ta zubawa a kan saurayi mai hasken hannu, ana roƙon a yi masa littafi na biyu. Na bi sharhin ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda ya tambayi ko an kai ƙasar an shuka irin ba. Su walƙiyar suka gani, kuma gobe wani zai kwaikwayi walƙiyar ba tare da yana da wata Rabi a bayanta ba.

Da Yaya yana nan, na tabbata zai karanta har ƙasa, ya ɗago kai ya yi tambayarsa, domin ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, ko 'yar cikinsa. Amma ba na tsammanin zai miƙa wa mai ƙosai wannan takardar.

Abin da ya bari ba shi da yawa. Babur ɗin an sayar, littattafan akwatin gara ta ci rabi. Tambayarsa tana nan a bakina, ɗalibaina har sun mayar da ita abin tsokanata. Kaurar ma tana nan da kyar: Yaya Mairo ke shuka kunya kaɗan a bayan gida kowace damina, ta zaɓi zangarniya da hannunta ta rataye a saman murhu, tana faɗa da 'ya'yanta maza da ke son su saya mata murhun gas su rushe tsohon madafin. Makon jiya na je na tarar da damin bana a rataye, ya fara baƙi da hayaƙi. Na tsaya a ƙarƙashinsa na daɗe.

A gidanmu an ci tuwon damin nan shekara da shekaru, ni da nake wannan rubutu da shi na yi ƙashi da tsoka. Allah Ya gafarta wa Inna, Ya gafarta wa Yaya Iliya. Rabi ce kaɗai ba ta taɓa ɗanɗana shi ba sai bana, a cikin babin da har gobe zan ce bai yi kyau ba.